Kunun Zamzam a Garin Lurd

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Sunana Rabi. A Hindawiyya aka haife ni, cikin Makka, a nan kuma furfura ta same ni. Iyayenmu mutanen Damagaram ne, sun zo hajji ta Cadi da Sudan, suka zauna. Shekara ashirin da ’yan kai aikina ɗaya ne, kula da tsofaffin mata mahajjata a otal-otal na unguwar Jarwal. In yi musu wanka, in ba su abinci a baki, in raka su Harami in dawo da su. Na faɗi wannan ne don ku san cewa wadda ta yi kuskuren da zan ba ku labarinsa ba baƙuwar jinya ba ce. Sanin ne ma ya kai ni ya baro.

Habibu ƙanena ne, autanmu, ni na goya shi. Da ya girma sai ya shiga turin arabiya, wato keken da ake ɗora gajiyayyu a yi ɗawafi da Safa da Marwa da su. Ya daɗe yana yi, har iƙamarsa, wato takardar zama, ta sami matsala ya fita daga ƙasar. Ya sha yawo, a ƙarshe ya faɗa Faransa ya sami takardu. Abin da muka sani kawai shi ne yana aiki a wani otal a kudancin ƙasar. Kawu Isa, ƙanen mahaifiyarmu, wanda shi ne babbanmu yanzu a unguwar Zahir, bai taɓa yafe masa ba. Kullum maganarsa ɗaya, wai mutane suna sayar da gonaki don su zo su mutu a Makka, shi kuwa an haife shi a ciki ya sa ƙafa ya fice.

Ga alama ta farko, ku riƙe ta. Habibu yana da hawan jini, ya daina shan magani don ya ji sauƙi. Wata Talata ya turo mini saƙon murya, na ji harshensa ya yi nauyi, kalmomin suna manne da juna. Maimakon in tsorata sai na yi masa tsiya, na ce ya haɗiye abin da ke bakinsa kafin ya gai da yayarsa. Ran Alhamis wani ɗan Maroko da suke aiki tare, Mustafa, ya kira ni da Larabci ya ce Habibu ya faɗi a madafar otal, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba ya magana.

Mako uku na yi ina zaryar Jidda neman biza. Yau a ce takardar asibiti ba ta da hatimi, gobe a ce hoton bai yi ba. Na sayar da warwarona na zinariya, ban yi kuka a kai ba. A gida kuwa likitoci sun yi yawa. Wannan ta kawo habbatus sauda, waccan zuma, wani ya ce a yi masa ƙaho a ƙeya, wani ya ce ai aikin aljanun Turai ne. Ranar da zan tafi na je sallama wurin Kawu, na same shi a kan darduma da jarkar Zamzam a gabansa.

“Ki je ki ɗauko shi,” in ji Kawu. “Ko a kwance ne. A yi masa bizar umra, halas, shi ke nan. In kwana ya ƙare a yi masa salla a Harami, a rufe shi kusa da uwarsa. Kada ki bar mini ɗan ’yar’uwa a ƙasar mutane.”

“To, Kawu.”

“Wannan kuma ki ba shi ya sha. Na yi addu’a a ciki.”

Mu da muke zaune ba a barinmu mu hau jirgi da Zamzam, sai mahajjata da masu umra. Wata tsohuwa ’yar Aljeriya da na yi wa hidima a umrarta, jirginmu ɗaya, ita ta ɗaukar mini jarkar da sunanta. Allah ya saka mata.

Sai da na sauka daga jirgin ƙasa na gane abin da Habibu ya ɓoye mana shekara da shekaru. Sunan garin Lourdes, su suna cewa Lurd, yana gindin manyan duwatsu masu farin kai. Mustafa ya ɗauke ni a mota muka ratsa ta tsakiya, ina kallo ta taga. Otal a jikin otal. Shagunan carbi jere, da jarkoki na roba manya da ƙanana a rataye a ƙofa. Ayarin tsofaffi sanye da hula iri ɗaya suna bin wani mai ɗaga tuta don kada su ɓace. Ga kekunan marasa lafiya layi guda, ana ja ana turawa. Na ce wa Mustafa, wai ni ina ka kawo ni, Jarwal? Ya yi dariya ya ce garin ziyara ne na Kiristoci ’yan Katolika. Sun yi imani Nana Maryam ta bayyana ga wata yarinya a wani kogo a bakin kogi, akwai kuma maɓuɓɓugar ruwa a wurin, shi ne suke zuwa daga ko’ina su sha su ɗiba. Ya ce ba madafa kaɗai Habibu yake ba, shi ke gangarawa da baƙin otal masu keke har bakin ƙofar wurin ibadar, don duk garin ba wanda ya kai shi iya riƙe keke. Dariya ta zo mini tare da haushi. Wato yaron nan ya tsallake teku ne don ya ci gaba da turin arabiya.

Mako na farko. Na same shi a wani ɗaki mai tsabta har tana ba da tsoro. Ya rame, bakinsa ya karkace, an zura masa siririyar roba ta hanci, ta nan ake ba shi abinci. Leɓɓansa sun bushe sun tsattsage. Da ya gan ni hawaye ya zubo ta ido ɗaya. A saman gadon akwai takarda da rubutun Faransanci, da hoton kofi an ja masa jan layi. Ba zan yi ƙarya in ce ban gane ba. Na gane sarai. Amma a raina na ce wannan dokar ruwansu ce, ba ta shafi Zamzam ba.

Ku da ba ku tashi a Makka ba sai kun yi haƙuri da ni a nan. Mu da Zamzam ake buɗe bakin jariri, da shi ake tarbar baƙo, da shi ake jiƙa leɓen mai barin duniya. Tsofaffi nawa na ba shi da hannuna a Jarwal, ba wadda ya taɓa cutarwa. Na zuba a ƙaramar kwalba na sa a jaka. Da Habibu ya hango ta, ya miƙo hannun hagu. Na leƙa ƙofa ba kowa, na ba shi cokali ɗaya. Ya lumshe ido. Na san ƙwarewa, mai ƙwarewa tari yake yi har idonsa ya yi ja. Shi bai yi tari ba ko sau ɗaya, sai na ce kun ga ikon Allah. Washegari na ba shi cokali biyar, rana ta uku rabin kofi. Numfashinsa ya fara wani gurgur kamar tukunyar shisha, ni kuwa na ɗauka maƙogwaron ne ke buɗewa.

Mako na biyu. Na zo da safe na tarar da gadon ba kowa. Zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya gagara, an kai shi ɗakin da ake sa wa mutane na’ura. Aka zaunar da ni a wani ofis, wata likita doguwa tana magana da sauri, ni ban san ko kalma ɗaya ba, Mustafa kuma yana wurin aiki. Can sai ga wata tsohuwar Baturiya ta shigo da sanda, da ɗan mayafi ruwan toka a ka, da ƙaramin gicciye a wuya. Ta dube ni ta ce, “Sannu da jinya, Hajiya. Ina gajiya?”

Na kusa faɗowa daga kujera. Hausa ce tsantsa irin ta Maraɗi. Sunanta Sista Marta, irin matan nan da suka ba da rayuwarsu ga coci. Ta yi shekara talatin a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Nijar, da ta tsufa aka dawo da ita gida, take zagaya marasa lafiya.

“Likita tana tambaya, an ba shi wani abu ta baki?”

“A’a.”

Ba ta fassara ba. Ta dubi jakata, inda kan kwalbar ya leƙo, sannan ta dube ni.

“Hajiya, ba kotu ba ce. In sun san abin da ya shiga huhunsa, sun san ta inda za su ɓullo masa.”

“Zamzam ne,” na ce, muryata ta tashi. “Ba ruwan famfo ba ne. Zamzam ba ya cutar da kowa.”

“Ban ce ruwan ya yi laifi ba. Maƙogwaron ne ya shanye tare da hannun. Ƙofar da ke rufe hanyar numfashi in mutum zai haɗiya ba ta rufuwa, kuma ba ya ji, shi ya sa bai yi tari ba. Duk abin da kika zuba, huhu ya tafi.”

Likitar ta ƙara wata magana, Sista ta juya mini ita, kuma har in mutu ba zan manta ba: ruwan ya bi hanyar da ba tasa ba. Huhun dama ya kumbura ya yi ruwa. Suka ce kwana uku masu zuwa su za su nuna.

A barandar asibiti na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar uwata. Sista ta jingina da bango, don gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, ta bar ni sai da na gaji. Sannan ta ce, “Kin ɗauka ke kika fara? A garin nan? Namu ma haka suke yi. Su ɗebo ruwan kogo a kwalba, su ɓoye a jaka, su jira mai jinya ta juya baya. Na ƙwace kwalabe a ɗakunan nan sun fi gashin kaina.” Ban so in yi dariya ba, amma ta fito tare da majina.

Da la’asar Kawu ya kira. Na ce masa jikin ya tashi, ciwon huhu ya shigo. Ban faɗa masa dalili ba, kuma wannan ɓoyon ya zauna mini a ƙirji wata bakwai.

“To me kike jira? Ki sa a ɗauko shi tun da sauran numfashi.”

“Likita ta ce in aka ɗora shi a jirgi yanzu, gawa za a sauke.”

“Gawar a Makka za a sauke ta ai. Ya binti, ’yata, ki ji tsoron Allah. In ya cika a can, wa zai wanke shi? Wa zai sallace shi?”

“Akwai musulmi a nan, Kawu, akwai masallaci. Kuma bai mutu ba.”

“Ni kike mayar wa magana?”

“Ni na goya shi. Ba zan kashe shi a sama don a sami wurin rufe shi a ƙasa ba. Zan kawo shi, amma da ransa.”

“In ya mutu a garin nan, a wuyanki.”

“Na ɗauka.”

Na kashe wayar. Tun da nake ban taɓa yi wa Kawu musu ba. Kuma kada ku ɗauka maganarsa ba ta da nauyi a wurina. Ni ma ’yar Makka ce, na san abin da ake ji in an jera gawa gaban Ka’aba dubban mutane suka yi mata salla. Na san abin da nake shirin hana ƙanena in lissafina ya kuskure. Amma na riga na yi masa ɓarna ɗaya da sunan albarka, na rantse ba zan ƙara ta biyu ba, ko dangi duka za su daina gaishe ni. Sun kuwa daina. Wayata da ke ƙara kamar ta mai canji ta yi tsit.

Mako na uku. Awa biyu kawai ake bari a gan shi a rana, ragowar lokacin ni da zullumi ne. Ɗakin Habibu, inda na sauka, yana wani ƙauye a bayan gari, sai an hau bas. Gidajen dutse ne masu baƙin rufi, da gonakin masara, da wani kore da ban taɓa sanin Allah ya halicci irinsa da yawa haka ba. Ruwan sama kuwa ba ya sallama. Ni da na saba in an yi yayyafi a Makka yara su fito murna, sai ga ni ina shanya zane kwana uku bai bushe ba. Na duba alƙibla a waya, ta faɗa daidai kan wani dutse mai tsini, shi na riƙa fuskanta. Maƙwabciyarsa wata tsohuwar manomiya ce mai tumaki. Ba ma jin yaren juna, amma kowace safiya sai na tarar da ƙwai a bakin taga. Abincin garin dai ban yafe masa ba. Ba yaji, ba daddawa, komai kamar an dafa wa mai jego marar gata.

Wata rana Sista ta ce in zo in ga famfunan ruwan kogon da take ba ni labari. Ta ce ba wanda zai ce in yi wani abu, ba kuma wanda zai tambaye ni takarda. Na bi ta da hijabina. Fili ne babba a bakin wani kogi mai gudu, ruwansa kore, ga coci a kan dutse, ga kogon da baƙin hayaƙin kyandir. Ban matsa kusa ba, addinina nawa ne, nasu nasu ne, ban je don in gauraya ba. Amma idon ma’aikaciya ba ya rufuwa. Na ga yadda suke jera kekunan a inuwa, na ce wannan sun iya. Na ga yadda wata ke ɗaga tsohuwa ta hammata, na ce wannan za ta karya ta. A wurin famfunan mutane sun yi layi da jarkoki, ana ’yar hatsaniya da wanda ya zo da guda shida, kamar dai a gida. Wani tsoho ya jiƙa hankici yana goge fuskar matarsa da ke kan keke, ita ba ta ma san inda take ba. Wannan fuskar tasa na san ta, na gan ta sau dubu a bakin Harami. Sista ta nuna shi da haɓa ta ce, “Kin ga wannan ya yi hankali. Goge mata yake, bai ɗura mata ba.” Na ce ta bar ni haka, na ji.

Ran kwana na tara aka cire wa Habibu na’ura. Ya buɗe ido, ya nemi jakata da kallo. Na ce masa babu, ko da zai yi fushi.

Mako na huɗu da na biyar. Aka kawo wata mai koyar da haɗiya. Ashe har wannan sana’a ce. Ta sa ya zauna tsaf, ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ta ɗora yatsu a maƙogwaronsa. Ta buɗe wani gwangwani mai farin gari, ta zuba a kofin ruwa ta juya, ruwan ya yi kauri. Sista ta bayyana mini cewa ruwa tsinkakke gudu yake, yana riga ƙofar rufuwa, mai kauri kuwa a hankali yake tafiya. Na karɓi gwangwanin na shinshina, na ce mene ne a ciki? Sista ta sa tabarau ta karanta ta ce sitacin masara ne. Na ce, to ai kunu ne. Duk wannan ilimi da na’urori, ashe a kunu za a ƙare. Na ce su ba ni wuri, a nan kam ni ce malama. Na gwada musu da cokali yadda ake gane kaurin kunun mai jinya, in ya zubo kamar zare bai yi ba, sai ya sauko a dunƙule. Matar ta gyaɗa kai, ta ce haka ne.

Sai na yi tambayar da ke cina. In ruwan famfo zai yi kauri, Zamzam fa? Sista ta tambaya, matar ta ɗaga kafaɗa ta ce ruwa ruwa ne. Ban yarda da ita a wannan ba, amma ban tsaya gardama ba. Washegari na zo da kwalbata a fili, ba ɓoyo. Na dama a gabansu, na yi bisimilla, Habibu ya sunkuyar da haɓa ya karɓi cokali ɗaya. Muka zuba wa maƙogwaronsa ido mu uku. Ya hau, ya sauka. Matar ta sa ya ce “aa”, muryar ta fito wasai, ba gurgur.

Na ɗauki hoton kofin na tura wa dangi, don murna. Amsar Kawu ce ta fara zuwa bayan shirun mako uku, wai na gurɓata Zamzam da garin Nasara. Na mayar masa da saƙon murya na ce, Kawu, a gidanka da Zamzam ake dafa gahawar baƙi, ban taɓa jin ka ce an gurɓata shi ba. Masara kuwa Allah ya halicce ta, ba ta da coci.

Daga mako na shida aka mai da shi wani gidan gashin ƙashi da motsa jiki a cikin karkara, tsakanin tuddai. A mako na tara aka zare robar hanci. Tsohuwar maƙwabciya ta ba ni garin masarar gonarta, na riƙa dama masa kunu na gaske, ana duba kaurin kafin a ba shi. Kullum da hantsi in ɗora shi a keke mu fita. Lokacin ne ake kora tumaki zuwa kan duwatsu, kowace da ƙararrawa a wuya, sai mu tsaya a gefen hanya su wuce mu kamar ayarin Mina. Har lokacin Habibu ba ya haɗa kalma biyu. Wata rana muka zo wata gangara mai santsi, na kama keken na nufi ƙasa kai tsaye. Sai na ji ya buga hannun kujerar da hagunsa.

“Yaya.” Ya ja numfashi. “Ba haka... ake gangara ba. Da baya.”

Wata uku mutum bai yi magana ba, da ya buɗe baki sai ya gyara mini aiki. Na ce masa sannu shugaban direbobi, ai da ka tashi ka tura kanka. Na juya keken na gangara da baya kamar yadda ya ce, ina kuka ina zaginsa, shi yana dariya da rabin baki.

Ba zan ce muku ya warke ba. Hannun dama bai dawo ba, ƙafar sai da sanda. Likita ta ce mai yiwuwa har abada ba zai ƙara shan ruwa tsinkakke ba. Sau biyu ina komawa ofis neman ƙarin kwanakin biza, Sista tana gaba da sandarta tana yi musu faɗa da Faransanci. Ranar da za mu taso na kai mata dabinon Madina da ya rage mini. Ta ce, “Ki gai da mini garinku, tunda ni ba zan gan shi ba.” Na ce zan gaishe shi. Ina yi mata addu’a irin wadda addinina ya yarda in yi, kuma ba na neman izinin kowa a kan haka.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka ke nan. In harshen mutum ya yi nauyi farat ɗaya, ba abin tsiya ba ne, a kai shi asibiti a ranar. In an ce kada a ba mai shanyewar jiki ruwa, to har Zamzam ake nufi, har rubutu, har zuma da aka tsinka. Rashin tari ba shaida ba ce. Ku jiƙa masa leɓe da auduga, ku shafa masa a fuska, ku tambayi masu aikin yadda za a yi. Wanda ya ce imaninku ne ya yi rauni, ku ce ya zo ya karɓi jinyar.

A wata na takwas da zuwana muka sauka Jidda, Habibu da bizar umra. Na tura shi ɗawafi da hannuna, tsofaffin abokan aikinsa suna ta rungumarsa. Daga nan muka wuce Zahir. Falon Kawu ya cika, har da waɗanda suka daina gaishe ni. Kawu ya tsufa a ’yan watannin nan fiye da yadda na zata. Ya kama kan Habibu ya daɗe bai saki ba. Sannan ya juya ya tsiyaya Zamzam a kofin azurfarsa na baƙi, ya miƙa masa da hannu biyu. Habibu, don kunya, ya kai hannu zai karɓa.

Na riga shi. Na karɓe kofin daga hannun Kawu a gaban kowa. Na ciro gwangwanina daga jaka.

“Har a gidana, Rabi?”

“Har a gidanka, Kawu. Ciwon huhun da ya kusa kashe shi, ba sanyin Turai ba ne kamar yadda na bar ku kuka ɗauka. Jarkar da ka ba ni ce. Ni na ba shi da hannuna, a ɓoye, kwana uku, ya tafi huhunsa. Ruwan bai yi laifi ba, addu’arka ba ta yi laifi ba, ni ce na ga jan layi na tsallake. Na kawo maka shi da ransa kamar yadda na ce. Ba zan bari a mayar da shi inda na ɗauko shi ba, ko kai ne.”

Kawu ya dubi Habibu, Habibu ya gyaɗa masa kai a hankali. Ya dubi kofin da ke hannuna, ya dubi gwangwanin. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsa. Sai ya jawo kujera ya zauna gab da keken, ya miƙo hannu ya karɓi kofinsa, ya karɓi cokalin.

“Cokali nawa ake sawa?” in ji shi.

Na ce masa biyu, kuma dole sai ya juya garin sosai.